Kwana biyu a ɗakin kundayen gado na wata kotun Jojiya

Aikin makaranta ne ya jawo mana wannan tafiya. An ba babbar 'yarmu takarda ta zana bishiyar danginta, ta kawo mini. Nawa ɓangaren bai ci minti ashirin ba. Na kira gwaggo a Zariya, ta jero mini kakanni har bakwai, ta haɗa da wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ta rufe da yi mini faɗan rashin kira. Da aka zo ɓangaren uwargida, wadda baƙar fatar Amurka ce 'yar jihar Jojiya, sai zance ya tsaya a kaka na huɗu. Surukata, wadda nake kira Mama, ta ce iyakar saninta ke nan. Sai wani guntun labari da ta ji tana yarinya, wai akwai wani ɗan'uwa da aka tafi da shi yamma, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Yarinya ta miƙa aikinta da rabin bishiya, ta manta. Mu manya abin ya tsaya mana a rai, har ya kai mu kotunan gado guda biyu a tsakiyar jihar, tafiyar awa biyu da 'yan kai daga Atlanta.

Wani zai ce me ya haɗa neman kakanni da kotun gado. Jojiya ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin jiha ba sai 1919. Kafin nan, da ƙidayar jama'a ake dogaro, wadda ake yi duk shekara goma. To, ƙidayar 1870 ita ce ta farko da ta rubuta waɗanda aka 'yanta da sunayensu, tunda sai a ƙarshen 1865 tsarin mulki ya haramta bauta. A ƙidayar 1850 da ta 1860 an ware wa bayi takarda daban: ga sunan ubangida, ga layi-layi a gefensa, mace 'yar shekara kaza, namiji ɗan shekara kaza, baƙi ko ruwa-biyu. Ba suna. Masu wannan bincike katanga suke kiran shekarar 1870, kuma wanda ya buga goshi da ita ya san ba su yi ƙarya ba. Ƙofar da ke jikin katangar ita ce mutuwar ubangida. In ya mutu, sai an lissafa duk abin da ya bari, a yi masa kuɗi, a biya bashi, a raba wa magada. Bawa kuwa a dokarsu dukiya ne, sau da yawa ma bayin sun fi gonar kuɗi. Mutumin da mai ƙidaya bai ga dalilin tambayar sunansa ba, ranar rabon gado dole a rubuta shi, don kada magada su ba hammata iska.

Mun fara daga gida, a shafin FamilySearch, wanda cocin 'yan ɗariƙar Mormon, mai hedikwata a jihar Yuta, ke gudanarwa. Kyauta ne, rajista kawai za ka yi. Tun 1938 suke bin kotuna da coci-coci suna ɗaukar hoton kundaye. A nan muka samu takardar mutuwar kakan Mama, ɗauke da sunan mahaifiyarsa. Muka bi matar har ƙidayar 1870, muka same ta da 'ya'yanta, gida uku tsakaninta da wasu fararen fata masu sunan dangi iri ɗaya da nata. Ba kowane 'yantacce ne ya ɗauki sunan tsohon ubangidansa ba, wasu sun zaɓi nasu da gangan, amma dai zare ne, muka kama. A 1860 gidan yana hannun wata bazawara. Ke nan maigidan ya riga ya rasu, kuma rabon gadonsa yana kwance a wani kundi.

Na duba kundayen gundumar a intanet ban ga sunansa ba. Na aika wa kotun saƙo sau biyu, shiru. Na buga waya, wata ta ce mini cikin sauri, “Duk muna da su, ku zo kawai.” Na ce to, zuwa da kai ya fi aike. Muka ɗauki hutun kwana biyu, ni da uwargida da Mama.

Kotun farko ba ta ci jarrabawa ba. Gini ne na jan bulo a tsakiyar gari, da hasumiyar agogo, da gunkin sojan Kudu, ɓangaren masu bayi a yaƙin basasar Amurka, tsaye a dandali, wanda Mama ta wuce ba ta ɗaga kai ba. Aka caje mu a ƙofa, aka nuna mana ɗakin kundaye, aka ce ba a ɗaukar hoto da waya. Sai da muka ɓata safiya guda muna jawo kundaye, sannan uwargida ta lura duk sun fara ne daga ƙarshen shekarun 1850. Ashe gundumar daga jikin wata aka yanke ta, kuma mutuminmu ya rasu kafin a yi yankan. Jojiya gundumomi 159 gare ta, an yi ta tsaga wata daga wata, takarda kuwa tana zama inda aka fara rubuta ta. Rabin laifin nawa ne, da na duba taswirar zamanin da ban sha wannan wahala ba. Amma tambaya ɗaya tak, wace shekara ya rasu, da ta ishi mai amsa waya ta raba mu da asarar mai. Muna cikin jimami aka ce mu fito, za a rufe a tafi cin abincin rana.

A yi musu adalci: ba don irinmu suke zaune ba. Kotun gado a Jojiya ita ke ba da lasisin aure, ita ke ba da izinin ɗaukar bindiga, ita ke naɗa wa marayu waliyyi. Mai neman kakan kakansa shi ne na ƙarshe a layi.

Kotu ta biyu, minti arba'in a mota, can muka gamu da dattijuwar da ta fanshi tafiyar. Shekarunta a ofishin sun fi na 'yata a duniya. Tana jin shekarar ta ce, “Ba wasiyya za ku nema ba, yawancinsu ba su bar wasiyya ba. Ku fara da kundin lissafin kaya.” Ta kuma nuna mana cewa a bayan tsofaffin kundayen tsohon sunan kotun za mu gani, Court of Ordinary, wanda sai a shekarun 1970 aka sauya shi. Ta bar mu mu ɗauki hoto, da sharaɗin kada mu kunna fitila.

Kundayen nan kowanne ya kai nauyin ɗan yaye. A kwance suke kan wasu 'yan ƙarafa masu juyawa, ka jawo ɗaya ka rungume shi zuwa tebur mai gangare. Fatar bangon ta ruɓe ta zama jan gari. Farar riga na sa, don in fita kunya a gaban suruka, kafin la'asar hannuwanta sun koma kamar na wanda ya kwana yaɓen jar ƙasa. Fihirisar da ke gaba sunayen mamata kawai ta ƙunsa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a duk tsarin, kuma ba laifin ma'aikatan yau ba ne: an tsara kundin don masu cin gado, wanda aka gada ba shi da shafi. Kana neman kakarka, sai ka fara neman sunan wanda ya mallake ta.

Shafin da muke nema maƙwabta uku ne suka sa masa hannu, su kotu ta naɗa su yi wa kaya kuɗi. Alfadarai, shanu, aladu, garmuna, masara a rumbu, ɗaurin auduga, agogon bango, tukwane, gadon kwana da katifar gashin tsuntsu. Na ɗan yi murmushi ni kaɗai, don a rubutunmu gado da gado duk ɗaya ne, ga shi an sa gado a cikin gado. Murmushin bai kai ƙasan shafi ba. Ba tare da an ja layi ko an sake kan magana ba, sai sunayen mutane suka biyo, da hannu ɗaya, da tawada ɗaya. Na shida ita ce, matar da muke nema. Ba zan rubuta sunan ba, Mama ba ta ba ni izini ba. An rubuta ta “da jaririnta”, kuɗinsu a haɗe, dala 900. A ƙarƙashinta wani yaro, shi kuɗinsa daban.

Na ce, “Mama, zo ki gani.” Ta gyara tabarau, ta ɗora babban yatsanta a kan wurin kuɗin ta rufe shi, sannan ta karanta sunan a fili, sau biyu. Uwargida ta fita waje. Dattijuwar ta jawo wa Mama kujera ba ta ce uffan ba, da alama ba yau ta fara ganin haka ba.

Wanda ya tsaya a wannan shafi ya bar nama ya tafi da romo. Da yake mamacin ya bar ƙananan yara, ba a raba dukiyar nan take ba. Wakilin da kotu ta naɗa shi ke juya ta, kuma kowace shekara sai ya kawo lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. A waɗannan lissafe-lissafen na shekara-shekara muka riƙa ganin ta. Duk 1 ga Janairu ake ba da hayar bayi na shekara, ga sunanta, ga sunan wanda ya ɗauke ta, ga abin da ya biya. Bana tana gidan wannan, baɗi gidan wancan. Wata shekara kuɗin hayar ya faɗi ƙasa, sai ga kuɗin ungozoma a ɓangaren abin da aka kashe. Haka muka ƙirga haihuwarta, daga faɗuwar farashi. Mu a ƙasar Hausa mun san murgu, inda bawa ke fita neman na kansa ya biya ubangida wani abu. Wannan ba shi ba ne, ko sisi ba ya shiga hannunta. Ba kuma don in wanke namu na faɗa ba. Rinji da cucanawa ba baƙin kalmomi ba ne a Zariya, kuma a tsaye gaban teburin nan na tuna ban taɓa tambayar gwaggo su wa suka yi wa kakanninmu bakwai noma ba.

Washegari dattijuwar ta sauka da mu ɗakin ƙasa, inda ake ajiye takardun da ba a ɗinke ba. Nan ne ainihin ribar zuwa da kai. Zafi, ƙura, warin daɗewa, fitila ɗaya. Takardun a ninke gida uku cikin dogayen akwatunan ƙarfe, wasu ɗaure da jan zare da ke tsinkewa da ka taɓa. Jerin ya hargitse, an mayar da ƙunshin wani cikin akwatin wani, kuma babu alamar an taɓa ɗaukar hotonsu. Na ji tsoron abin da ɗigon ruwan famfo ɗaya zai yi wa wurin. Kotuna da yawa a Kudu sun ƙone da kundayensu, wasu a yaƙin basasa, wasu gobara ce kawai, don haka wanda gundumarsa ke da irin wannan ɗaki ya gode Allah ya kuma hanzarta.

A ƙunshin mutuminmu muka samu rasit na takalma da barguna, da na likita, da takardar rabo. An kasa bayin kashi-kashi yadda kuɗin kowane kashi zai yi kusa da na ɗan'uwansa, wanda nasa ya ɗara ya cika wa sauran da tsabar kuɗi, sannan magada suka ja ƙuri'a. Ita da ƙananan 'ya'yanta sun faɗa kason bazawarar. Yaron da ke ƙarƙashinta a jerin farko ya faɗa kason mijin babbar 'yar gidan. Can ƙasan ƙunshin, ga rasit ɗin da mutumin ya sa wa hannu cewa ya karɓi kasonsa, an rubuto shi daga wata gunduma a Alabama. Alabama kuwa yamma take da Jojiya. Takardar ba ta ce yaron ɗanta ne ba, kuma dattijuwar ta ja kunnenmu kada mu sa wa takarda maganar da ba ta yi ba. Mama ta ce ita dai ta ji abin da ta ji tun tana 'yar shekara tara.

Akwai burin da na je da shi a ɓoye, na dawo da shi. Na san labarin Bilali Muhammad, bawan tsibirin Sapelo a gaɓar Jojiya, mutumin Timbo ta Futa Jalon a ƙasar Gini ta yau, wanda ya bar rubutun Larabci mai shafi 13 da ke ajiye a Jami'ar Jojiya. Na yi ta raya wa kaina ko zan ci karo da wata Fatuma ko Binta a jerin, in koma in ce wa uwargida ashe 'yar gida na aura. Babu. An hana shigo da bayi daga Afirka tun 1808, kuma waɗanda muka gani a kundin duk haifaffun Amurka ne. Kundin gado zai tsallakar da kai katangar 1870 da tsara ɗaya ko biyu. Wanda ya ce zai kai ka bakin Kwara, ka riƙe aljihunka.

Batun kuɗi bai taka kara ya karya ba. Mun shiga kyauta, kwafi mun biya santi 25 kowane shafi, abin da ya ci mu shi ne mai da masauki. Abin haushin shi ne da muka dawo gida na buɗe FamilySearch da sunan gundumar da ta dace, sai ga kundin lissafin kaya da na shekara-shekara duk suna nan, shafi-shafi, har da jan tabon da na gani da idona. Tun 2024 ma sun fito da manhajar da ke karanta rubutun hannu, ka rubuta sunan baiwar da na ubangida ta zaƙulo maka shafukan, ba ruwanta da fihirisar mamata. Da na sani, da kwana ɗaya ya ishe mu, mu nufi ɗakin ƙasa kai tsaye. Don haka in za ka je, ka gama duk abin da allo zai iya ba ka tukun, ka tabbatar da iyakar gundumar a shekarar mutuwar, ka tambayi mai amsa waya takardun da ba a ɗinke ba suna nan ko an kai su gidan adana tarihin jiha da ke garin Morrow. Kuma kada ka sa farar riga.

Kotun farko ba zan koma ba, ba ni da abin nema a can. Ta biyu zan koma gobe in ta kama, amma na san darajarta a hannun mace ɗaya take, kuma ta ce mana baɗi za ta yi ritaya.

Mama ta karɓi kwafin shafin ta ninke ta sa cikin Baibul ɗinta. Jiya ta kira ni da sassafe, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, “Ɗana, yaushe za mu Alabama?” Na ce sai na duba taswira tukun.