Yawon sanin ciyayi a Clare: kuɗina bai tafi a banza ba

Jama'a, wannan yawon da ake zagayawa da mutane gonaki ana nuna musu ciyayi a yankin Clare, yammacin Ailan, na je ƙarshen watan Mayu kuma wallahi ban yi da-na-sani ba duk da na dawo da hannu a kumbure.

Mai jan mu wata dattijuwa ce 'yar manoma, ba takarda ba komai, tafiya kawai take tana tsugunnawa tana tsinko ganye. Na farko netil, a yarensu neantóg, ganyen nan mai harbi kamar ka taɓa garwashi, ni kuma da rawar kai na kai hannu tun ba ta rufe baki ba. Dariya ta yi ta tsinko wani faffaɗan ganye a gefensa, copóg, ta ce murza a wurin, ɗana. Ya lafa kam, ko ganyen ne ko sanyinsa ne oho. Wai tsofaffinsu sau uku suke cin netil a watan Mayu don wanke jini, in an dafa harbin ya mutu, miyar da ta ba mu daga baya sak ta alayyafo.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne wajen praiseach bhuí, mai rawayar fure, wadda mutane suka riƙa ci lokacin yunwar da ta fara a 1845 da dankalin turawa ya ruɓe a gona, nan take na tuna kakata da labarin tafasa da yaɗiya a shekarar fari.

Sai buachalán mai lalata hantar shanu da dawaki, tun 1936 doka ta ce manomi ya kawar da ita, amma a labarin tsofaffi dokin aljanu ce da dare. Akwai kuma wata bishiyar ƙaya mai farin fure da ba mai sarewa in tana tsaye ita kaɗai a gona, har sai da aka gyara tsarin babban titi a Latoon, nan cikin Clare, a 1999 saboda guda ɗaya. Na ce kai, ashe ba mu kaɗai ke tsoron tsamiya ba.

Ƙorafina dai mun yi yawa, na baya ba sa jin komai in iska ta taso, kuma ba wanda ya ce mu zo da takalmin ruwa, sabon kambas ɗina ya sha taɓo. In za ka je ka manne wa dattijuwar a gaba, ka kuma riƙe safar hannu.