Suwich mai PoE ko na gama-gari: wanne ya dace da shago a Kumasi?

Mai shago a unguwar Aboabo da zai kafa kyamarori huɗu bayan rauta (na'urar da ke raba intanet), zaɓi biyu ne a gabansa wajen sayen suwich, wato akwatin da ke haɗa wayoyin kyamarorin da rautar. Suwich na gama-gari ya fi araha, amma kowace kyamara sai an ja mata wuta daban, adafta manne a bango tana shan ƙura. Mai PoE ya fi dacewa: waya ɗaya ke kai bayanai da wuta, har mita 100, kuma idan dumsor (ɗaukewar wuta) ya zo UPS guda, wato batirin ajiyar wuta, ya riƙe duka.

A duba jimillar wat ɗin da suwich ɗin zai iya bayarwa kafin a biya. Ƙa'idar PoE ta 802.3af wat 15.4 take ba kowace kafa (ramin da ake soka waya), 802.3at wat 30. A guji wayar alminiyam mai rufin tagulla: zafi take yi, kyamarar nesa ta riƙa ɗaukewa da dare idan fitilunta suka kunnu.