Asiton da fotokwafi ko takardar kabon?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya fi wajen ɗora zane a kan ƙarfe kafin a sassaƙa shi. Tunda rubutu da furanni za ka ɗora a kan tagulla kafin ka sa kurfi ka yanka, ka kama asiton, ruwan sinadarin nan mai narkar da roba, da fotokwafi kawai.

Shekarata huɗu ina aiki da shi a ɗan shagona na Aboabo a Kumasi. Baƙin da injin fotokwafi ko firinta mai lesa ke sa wa takarda garin roba ne da zafi ya manna, asiton kuwa narkar da shi yake yi, sai ya saki takarda ya kama ƙarfe. Shi ya sa firinta mai tawadar ruwa ba ta yi, ko da za ka juye kwalba guda a kai. Ka fara goge ƙarfen da asiton ɗin, don maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana zane zama. Sai ka kifa takardar, ka kama gefe ɗaya da salatif, ka jiƙa auduga ka matse ta sosai, ka riƙa dangwalawa har ka fara hango zanen ta baya, sannan ka murza da bayan cokali. Ɗaga kusurwa ka leƙa tukuna kafin ka yaye.

Bara wata hajiya daga Asawase ta kawo mini faranti na auren 'yarta, tana son sunan amarya da Larabci a tsakiya, ganye zagaye da baki. Na sa aka buga mini zanen guda 6 a takarda ɗaya. Biyun farko sun caɓe don na cika ruwa, na share na sake. Na ukun ya fito har ɗigon nun da na ya'u ana ƙirgawa. Kwana uku ina yanka, gumin hannu bai tafi da layi ko ɗaya ba. Hajiya da ta gani sai da ta ƙara mini kuɗin goro a kan abin da muka yi ciniki.

Kada ka manta, a juya zanen kamar a madubi kafin a buga, in ba haka ba rubutun zai fito a baibai. Sai dai in zoben hatimi ne, shi a baibai ake son sa a jikin ƙarfe, to a buga shi daidai. Kuma asiton a digiri 56 yake tafasa, a zafin Kumasi kafin ka waiwaya ya bushe. Rufe kwalba, ka kuma nisanta ta da gawayi da wutar walda.

Kabon kuwa, na taɓa sayen fakiti guda, yanzu rasit nake rubutawa da shi. Ba ya kama tagulla mai sheƙi sai ka shafa farin fenti, layin ya fito da kauri, gefen hannunka kuma ya bi yana sharewa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wajen saye. Akwai masu ɗura tina, wato ruwan tsinka fenti, ko ruwan goge jan farce a kwalbar da ba ta da takarda, su rantse maka asiton ne, wasu har da ƙarin ruwa. An yi mini sau ɗaya, na wuni ina zagin mai fotokwafi alhali ba ruwansa. Ka tafi da guntun farin kwanon tekawe, irin mai kumfa ɗin nan, ka ɗiga a kai a gaban mai sayarwa: na gaske nan take zai cinye shi. Ka ɗiga a tafin hannu ma, ya yi sanyi ya ɓace bai bar maiƙo ba. In ya hana ka gwadawa, mayar da sidinka aljihu.

Ƙaramar kwalba ta ishe ka watanni. Ka nemi guntayen ƙarfe a Suame Magazine, unguwar makanikai, ka ɓata takarda goma a kansu kafin ka taɓa kayan mutane.