Saun kad ɗin da kwamfuta ta ƙi gani a Hambug

Ƙanina, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da su Inna da yaran situdiyo. Ka ce in ba ka labarin kayan sauti a nan Jamus, ko sun fi namu na Zoo Road. To ga abin da na gani da idona.

Watan jiya na yi odar saun kad, wato na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta don ɗaukar sauti, mai ramin makirufo biyu ta intanet, irin naka sak. Kwana biyu ya iso har bakin ƙofa. Na jona shi, fitila ta kama, amma da na buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio babu shi babu alamarsa. Dare uku ina fama. A Kano da tuni na kira wani a cikin yaranka, ya hau a daidaita sahu ya zo ya warware min, mu sha shayi mu rabu. A nan ba mai zuwa gidanka sai da alƙawari da kuɗin awa, kuma kuɗin gyara kan kusa kamo kuɗin sabo. Ranar na yi kewar gida matuƙa.

Sai na buga wa shagon waya. Wanda ya ɗauka bai yi min gaggawa ba, ya fara da tambayar wace wayar USB na jona shi da ita. Ashe ta cajin wayar hannu ce na ɗauko, wadda wuta kawai take kaiwa, ba ta ɗaukar bayanai. Shi ya sa fitila ke ci, kwamfuta kuwa ba ta san da zuwan baƙo ba. Na sa wadda ta zo a kwali, nan take Windows ta gane shi.

Amma manhajar ba ta gan shi ba tukuna, kuma nan ne nake so ka nutsu, don na san yaranka sun sha jefar da saun kad mai lafiya a kan wannan. Sai ka sauke direban da kamfanin na'urar ya yi mata, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'urar, ka sake kunna kwamfuta, sannan ka shiga saitin sauti na manhajar ka zaɓe shi da hannunka. Irin wannan direba shi ake kira ASIO, kuma kamfanin Steinberg da ya ƙirƙiro shi, mai manhajar kiɗa ta Cubase, a nan Hambug yake tun 1984. Direban ASIO4ALL da muka saba ɗorawa na na'urar da ba ta da nata direba ne. In akwai na kamfani, shi ya fi. Masu kwamfutar Mac galibi ba sa wannan wahala, jonawa kawai suke yi.

Sauran ƙanana ne. Sauti na ƙaraf-ƙaraf, na ɗaga bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, daga 64 zuwa 256 ya daina. Makirufon kondensa ya yi shiru har sai da na danna maɓallin 48V da ke ba shi wuta. Ka kuma tabbata manhaja da na'ura sun daidaita a kan saurin ɗaukar sauti iri ɗaya, 44,100 ko 48,000, in ba haka ba murya ta sauya, mawaƙi ya zarge ka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ban ji tsoron asara ba ko kaɗan. Dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba, ga kuma garantin shekara 2 a kan sabon kaya. Mu kuwa a kasuwa, in ka fita da kaya daga shago sai dai roƙo da sanayya. Ina ganin wannan doka ce ta sa mai shagon nan ya zauna da ni a waya har matsalar ta ƙare. Ga wuta ba ta ɗaukewa, babu ƙugin janareta a cikin rikodin.

Ta fannin hannu kuwa ban ga wanda ya kamo masu gyaranmu ba, masu buɗe na'ura su sauya ƙaramin abu guda ta tashi.

Wancan tsohon saun kad da ka ce ya mutu, kada ka sayar tukuna. Zan aiko maka da wayoyin USB biyu masu kyau ta hannun mai zuwa gida kafin Sallah, ka gwada shi da direbansa na asali ka sanar da ni. Ka gaishe min da Inna.