Alize Cotton Gold: zaren da ya dace a rubuta tsarin saƙa a kansa

Duk mai saƙar kwarashi da ta taɓa koya wa wata yadda ake rigar jariri ta san ƙorafin da ke biyo baya: an bi lissafi ɗaya bayan ɗaya, amma rigar ta fito kamar ta ɗan shekara biyu. Galibi daga zare ne. Ulun da ya fi yawa a kasuwanninmu, irin wanda ake kitso da shi, sau da yawa ba ya zuwa da bayanin tsawonsa, kuma kaurin wata kalar yakan ɗara na wata ko da a leda ɗaya suka zo. Idan hula guda za ki saƙa ki sayar, wannan ba zai dame ki ba. Idan kuwa so kike ki rubuta tsarin saƙar, wato fatan, ki sayar wa waɗanda ba ki taɓa gani ba, dole zaren da ke hannunki ya zama daidai da wanda zai shiga nasu hannun. A nan ne Cotton Gold ya ci kuɗinsa.

Alize tambarin zare ne na ƙasar Turkiyya. Cotton Gold haɗi ne na auduga kashi 55 da zaren roba, akirilik, kashi 45. Curi ɗaya gram 100 ne, tsawonsa mita 330, kuma a sari curi biyar ke zuwa cikin leda. A ma'aunin kaurin zare da Amurkawa ke amfani da shi, daga 0 zuwa 7, yawanci lamba 2 ake ba shi, ma'ana siriri ne amma bai kai zaren leshi ba. Kowace kala da lambarta: fari 55, ja 56, baƙi 60. Wannan lambar kaɗai ta isa a yaba masa, domin maimakon ki rubuta "ruwan ƙasa mai ɗan haske" kowa ya fassara yadda ya ga dama, sai ki rubuta lamba, magana ta ƙare.

A hannu yana da taushi, ba ya sheƙi, ba ya kuma yin ƙarar nan ta ƙiiƙii da ulun roba zalla ke yi a jikin kwarashi idan tafin hannu ya yi gumi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke hana mutum riƙe ulu na minti goma, ana iya wuni ana aiki da wannan. Audugar ce ke sa iska ta ratsa, robar kuma ta rage masa nauyi ta hana shi taurin da auduga zalla ke yi bayan wanki. Ga kayan jarirai a ƙasa mai zafi, wannan haɗin ya fi ulun roba nesa ba kusa ba, don ulun roba na tara gumi a wuya da hammatar yaro har ƙuraje su feso.

Takardar jikinsa ta ba da kwarashi daga milimita 2 zuwa 4, tazarar da ta yi faɗi ga wadda ke farawa. Ga yadda abin yake a aikace. Da milimita 2 ko 2.5 saƙar na fitowa a matse, ta tsaya da kanta, kuma ita ake so ga 'yar tsana ko ƙwallon wasan yara, don kada audugar da aka cusa ta riƙa leƙowa. Da milimita 3 ake samun abin da ya fi dacewa da hula, safa da rigar jariri: a hannu matsakaici, doguwar saƙa, wadda Amurkawa ke rubutawa dc, tana ba da ido 21 zuwa 22 da layi 11 zuwa 12 a cikin santimita 10. Da 3.5 ake samun laushin da shawul da mayafi ke buƙata, ya zubo a jiki. Da an kai 4, idanun sun fara buɗewa, yatsan jariri na iya shigewa ya maƙale, don haka a bar wannan wa gyalen manya.

Babban aibinsa rabewa. Siraran zarurruka ne da dama aka murɗe su wuri ɗaya, murɗin kuma bai yi ƙarfi ba, sannan yadda kwarashi ke naɗo zare yana ƙara sassauta shi. Sai ki ga kin jawo ido, sili ɗaya ya rage a baya yana reto kamar gashin da ya kuɓuce daga kitso. Idan ba a lura nan take ba, sai an yi layi uku a gaba za a hango shi, kuma ba ya gyaruwa sai an warware. Abin da ke rage wannan shi ne kwarashi na ƙarfe mai santsi, wanda kansa ya ɗan yi kumburi, ba mai tsini kamar allura ba. Kwarashin roba mai arha, mai ɗan kaifi a inda aka haɗa shi, yaga zaren yake yi. Sannan a shigar da kwarashin ƙarƙashin madaukai biyun ido gaba ɗaya kafin a naɗo, kada a riƙa caka shi ta tsakiya. Zaren na jure warwara sau ɗaya ko biyu. A na uku ya yi laushi, silin sun barbaje, kuma wurin zai fito daban a jikin saƙar. Gara a yanke wannan yankin a ɗaura sabo. Mai koyo da har yanzu hannunta bai zauna ba za ta sha wuya da shi a makon farko, kuma gaskiya ban ga dalilin da za ta fara koyo da zare mai tsada haka ba. Ta ƙware da ulun kasuwa tukuna.

Akwai lamba ta biyu a takardar, ta rukunin rini, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Wanda ya san karofi ya san baba ɗaya ba ya ba da shuɗi iri ɗaya sau biyu. Haka abin yake a masana'anta. Curi biyu masu lambar kala ɗaya amma rukuni daban, a cikin ɗaki ba za ki ga bambanci ba, sai an shanya shawul a tsakar gida layin ya fito ɓaro-ɓaro a inda aka canja curi. Idan ya zama dole a haɗa rukuni biyu, a riƙa yin layi biyu da wannan, biyu da wancan, na tsawon kamar santimita 10, sai canjin ya saje.

Wanki da ruwa mara zafi, kada ya wuce digiri 30, da sabulu mai sauƙi, ban da bilic. Ba a murɗe shi. A shimfiɗa cikin tawul, a naɗe, a danne ruwan ya fita, sannan a baje a kan tabarma a inuwa. Idan aka rataye shi a igiya yana jiƙe, nauyin ruwan da audugar ta sha zai ja rigar ta yi tsawo, kafaɗa ta zube, kuma ba ta komawa. Dutsen guga, musamman na gawayi, kada ya taɓa shi: robar da ke ciki za ta narke ta bar tabo mai sheƙi. Saboda wannan dalilin ne bai dace da matashin tukunya ko abin sauke girki ba. Wannan aikin auduga zalla ne. Jaka ma ba aikinsa ba ce, domin hannun jakar zai miƙe da zarar an sa waya da makulli. Igiyar foliyesta ko zaren yadi ya fi. Ga rigar sanyin babba da za a sa a Jos cikin Janairu, ɗuminsa bai kai ba.

Yanzu ga wurin da zaren ke yi wa marubuciyar fatan aiki, wato lissafin adadin da za a saya. A saƙa gwaji mai faɗin santimita 15 kowane gefe, a wanke, a bari ya bushe, sannan a auna santimita 10 na tsakiya, don gefuna kullum suna ƙarya. A ɗora gwajin a kan ƙaramin sikeli mai nuna gram, a lissafa daga nauyinsa abin da murabba'in santimita 10 ke ci. Da kwarashi na 3 da doguwar saƙa, murabba'in santimita 10 yana cin kusan gram 5 da rabi. Shawul mai santimita 80 kowane gefe yana da irin wannan murabba'in 64, wato gram 352. A ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda gefe da bambancin hannu, an doshi gram 390, curi huɗu ke nan. Hular jariri ba ta cika wuce gram 35 ba, safa kuma gram 20 zuwa 25, don haka curi ɗaya ya ishe su har da saura. A cikin fatan a rubuta gram ɗin, a kuma rubuta mita: gram 390 ya kama mita 1,290 ko kusa da haka. Mitar ce ke ceton wadda ba ta sami wannan zaren a garinsu ba.

Kuma akwai madadinsa na kusa. YarnArt Jeans shi ma auduga 55 ne da roba 45, curinsa gram 50 mai mita 160, wato mita 320 a gram 100. Gazzal Baby Cotton auduga 60 ne da roba 40, gram 50 mai mita 165. Dukkansu na Turkiyya ne, kuma ana iya ambatonsu a fatan a matsayin zaɓi, da gargaɗin cewa curi biyu nasu ne ke maye gurbin ɗaya na Alize. Wanda bai kamata a ambata a matsayin madadi ba shi ne zaren da ake tallatawa da sunan "milk cotton". Yana da taushi, yana da arha, amma sunan bai tsaya a kan haɗi ɗaya ko kauri ɗaya ba, kowane mai sarrafawa da nasa. Mai son tantancewa ta yanko ɗan guntu ta kusanta shi da ashana: auduga na ci da wuta da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuma na narkewa ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Don gane kauri, a auna mita 10 a ɗora a sikelin masu gwal. Na Cotton Gold gram 3 ne. Wanda ya ba da 4 ko 5 ya fi shi kauri, kuma rigar za ta fito babba.

Hoto shi ne rabin fatan, kuma a nan ma zaren ya yi. Da yake ba ya sheƙi kuma ba shi da gashi-gashi, kowane ido na fitowa tsaf a hoton waya. Zare mai karan-miski irin Himalaya Dolphin Baby, mai mita 120 a gram 100, yana da daɗin taɓawa amma yana haɗiye idanu, mai koyo ba za ta ga inda za ta sa kwarashi ba. A ɗauki hoton matakai da kala mai haske, ruwan madara ko shuɗi mai haske, da safe a bakin taga. Baƙi ba ya nuna komai, fari tas kuma hasken rana na ɓatar da idanunsa a hoto.

Sauran kurakuran na rubutu ne. A faɗi tun shafin farko da wane salon suna aka yi aiki, domin gajeriyar saƙa, wadda Amurkawa ke rubutawa sc, a Ingila dc ake rubuta ta, dc na Amurka kuma a can tr ne. Wadda ta rikita su za ta sami riga mai ninkin tsawo ko rabinsa. A ƙarshen kowane layi a sa adadin idanun da ya kamata a ƙirga. Kafin a sayar, a ba mutum biyu ko uku masu hannu daban-daban su saƙa daga takardar kaɗai, ba tare da ƙarin bayani ta baki ba. Duk inda suka tsaya suka yi tambaya, wurin ne rubutun ya gaza.

Idan da Hausa aka rubuta, a zaɓi salon haruffan da ke da ƙ, ɗ da ɓ, a mayar da aikin PDF, a buɗe shi a wata wayar a duba. Sau da yawa haruffan nan ƙananan akwatuna suke komawa, "saƙa" ta zama abin da ba ya karantuwa. A WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, don hoto matse shi ake yi har lambobi su dusashe. Shafin Selar, wanda na Najeriya ne, yana ba da damar ɗora PDF a karɓi kuɗi da naira. Wadda ke son ɗan littafi na takarda mai girman A5 da aka ɗinke da waya a tsakiya ta tabbatar shafukan sun rabu huɗu-huɗu, 16 ko 20 ko 24, in ba haka ba mai ɗab'i zai cike mata da fararen shafuka. Amazon KDP kuwa, shafin da mutum ke buga littafinsa da kansa a Amazon, ba ya karɓar littafin takarda mai ƙasa da shafi 24, kuma buga shi da kala na cinye kaso mai yawa na ribar.

Batun kuɗi: shigo da zaren ake yi, farashinsa na bin dala, kuma ya ninka ulun kasuwa. Ga kayan da za a kai gidan suna a sayar da sauƙi, ba lallai ya fitar da riba ba. Ga samfurin da za a ɗauki hotonsa a rubuta lissafi a kansa, ko kayan jariri da aka yi oda ta musamman, ya cancanci kuɗin. Idan a wurin masu ciniki ta Instagram ko WhatsApp za ki saya su aiko ta mota, kafin ki biya, ki nemi a turo miki hoton takardun duka curin a jere, lambar kala da ta rukunin rini suna fitowa, ki kuma ƙara curi ɗaya a kan lissafinki.