Bakaniken da ya tashi babur ɗina bayan wata 14 a zaure

Tun da abokan aiki suka sake ganina a kan babur ake ta tambayata wa ya tashe shi, domin kowa ya san irin daɗewar da ya yi a ajiye. Ga amsar nan a rubuce, da abin da ya gamsar da ni a aikin mutumin, da kuma inda na ga yana bukatar gyara.

Haojue ne, na saye shi sabo a 2021 da kuɗin adashi. A Fadaman Mada nake zaune, ina koyarwa a wata makaranta can wajen Yelwa, saboda haka safe da yamma sai na ratsa garin Bauchi. Wata ranar Laraba cikin Agustan 2023, ana yayyafi, wani mai Keke Napep ya karyo kwana a gabana kusa da Wunti, ba sigina ba komai. Na danne birki, tayar gaba ta zame, na faɗi a kan kafaɗar dama. Ƙashi ya karye, na yi mako shida a hannun mai ɗori. Shi babur ɗin madubi kawai ya rasa, sai ƙujewa a gefe. Yaran unguwa suka turo shi gida suka jingine a zaure. Da Inna ta zo dubiya daga Dass, ta tsaya a kansa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ni dai ban hana ka ba, amma raina bai kwanta da abin nan ba." Duk ɗan da ya san darajar mahaifiya ya san nauyin wannan magana.

Kafaɗa ta warke, faɗuwar gaba ba ta warke ba. Sau nawa nake cewa gobe zan hau, gari na wayewa sai in tsinci kaina a bakin titi ina tsayar da keke ko ɗan acaɓa. Abin da ya riƙa cin raina shi ne, ga ni dai a kan babur, amma na acaɓa, a bayan yaron da ban san hankalinsa ba, kuma ina biya. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuɗin abin hawa kuwa yana biye da ita. Daga gidana zuwa makaranta hawa biyu ne zuwa, biyu dawowa. Ranar da na zauna na yi wa Inna lissafin abin da hanya ke ci a albashina, ta yi shiru, can ta ce, "To je ka, Allah Ya tsare. Amma ka sayi hular kwano." Wannan a Oktoban 2024 ne.

Na yaye ledar da na lulluɓe shi da ita, na danna sitata, shiru. Na yi ta buga kik har gumi ya jiƙa mini riga, ko tari bai yi ba. Tayar baya ma ta ƙi juyawa, balle a yi maganar tura shi gareji. Mai shagon layinmu ne ya haɗa ni da wani bakanike da ke da rumfa a wajen kasuwar Muda Lawal, ya ce yana zuwa har gida in babur ya kwanta.

Mun yi da shi ƙarfe goma na safe ranar Asabar, bai iso ba sai bayan azahar, kuma bai kira ya ce zai makara ba. Wannan ya ɓata mini rai, domin na fasa zuwa ɗaurin aure saboda shi. Ya zo da yaronsa guda, kayan aiki a cikin buhu.

Abin da ya fara yi ne ya sa na sassauto. Bai taɓa kik ba sam. Murfin tanki ya buɗe ya shinshina, ya ce, "Malam, zo ka ji." Wari ne irin na tsohon fenti. Ya ce wannan ya tashi daga fetur, domin in mai ya daɗe a zaune, mai ƙarfin cikinsa ne ke fara bin iska, abin da ya rage ya yi kauri ya zama danƙo. Ya haska cikin tankin da fitilar waya ya nuna mini ɗigo-ɗigon tsatsa daga inda man ya tsaya zuwa sama. Rabin tanki na bari, shi kuwa wurin da ba mai yakan yi raɓa daga ciki, musamman da damina, kuma nawa ya ga ƙarshen damina guda ya ga wata cikakkiya. Suka cire tankin suka wanke shi sau uku har man wankin ya fito fes.

Kafireta ce ta ci lokaci. Ya nemi tsohon faranti ya warware ta a kai, kowane ƙusa da inda ya ajiye shi. Akwai wani ɗan ƙarfe mai rami kamar bakin allura, wanda ta nan mai ke wucewa in injin yana tafiya a hankali. Ya ɗaga shi sama ya ce in leƙa, ban ga haske ba. Ya jiƙa shi, ya bi ramin da silin waya guda a hankali, ya hura, ya sake miƙo mini, sai ga haske. Ya ce da na shekara ina buga kik ba zai tashi ba muddin ramin nan a toshe yake. Na taɓa kai babur wuraren da in ka yi tambaya sai a ce ka je ka dawo. Wannan kuwa duk abin da ya cire sai ya sa mini a hannu ya faɗi ciwonsa. Ni malami ne, na san mai son a fahimta in na gan shi.

Sauran ɓarnar ta 'yan zaure ce. Ɓera ya yi gida a akwatin soson da ke tace iska, ya cinye rabin soson, ya tara ɓawon gyaɗa, ya kuma gutsure wayar hon. Zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin salansa. Birkin baya ya manne da tsatsa, shi ya hana tayar juyawa. Sarƙa ta bushe, sai da aka wanke ta da kananzir aka shafa mata mai. Batir kuwa ya gwada shi ya ce kada in ɓata kuɗin caji, batirin da ya sauka ya yi watanni a haka ba ya ƙara riƙe wuta. Tayar gaba ta tsattsage a gefe ko da yake zanenta bai cinye ba, ya ce a canza. Ta baya ya ce tana da saura, in bar kuɗina. Kafin ya gwada tayarwa ya juye tsohon baƙin mai ya zuba sabo, ya cire fulogi ya ɗiga mai kaɗan ta ramin, ya riƙa danna kik da hannu sannu-sannu don man ya zagaya kafin ƙarfe ya gogi ƙarfe.

Yana aiki muna hira, kuma hirar nan ta tsaya mini a rai fiye da gyaran. Na ce, "Oga, kana yawan samun irin nawa?" Ya ce tun da mai ya tashi, irin wannan aikin bai yanke masa ba. Akwai ma'aikacin da ke hawa kwana goman farko bayan albashi, sauran watan babur na jingine yana takawa da ƙafa, ya ce wannan da sauƙi domin injin bai kai ga yin sanyi ba. Akwai wanda Allah Ya buɗa wa ya sayi mota, ya ga hawa babur ya yi masa ƙanƙanta, amma ya kasa sayarwa saboda shi ne abin hawansa na farko. Irin waɗannan yanzu su ne ke kiransa, mota ta koma ƙarƙashin rumfa ana neman tsohon aboki. Akwai masu tsoron ɓarayi, waɗanda ba sa iya natsuwa a sallar Juma'a ko a kasuwa in babur na waje. Akwai wanda takardunsa suka ƙare, kuɗin sabuntawa bai samu ba, ba ya son tsayawa da jami'an hanya.

Waɗanda suka fi ba shi takaici su ne masu saye don ajiya. Da farashin sabon babur ya riƙa hawa, wasu suka mai da shi wurin ɓoye kuɗi, a sayo a kulle a ɗaki ko ledar kujera ba a cire ba. Ya ce, "Malam, saniya in ka ajiye haihuwa take yi. Wannan kuwa roba ce da ƙarfe da batir, duk zama ke kashe su." Ni na fahimci masu yin hakan, domin wanda ya ga kuɗinsa na narkewa a hannu dole ya nemi abin da zai riƙe. Amma bayan abin da na gani a farantin nan, ina ganin ya fi su gaskiya.

Sai ya ambaci wani kashi da ban taɓa tunani ba: baburan mamata. Maigida ya rasu, ba a raba gado ba, ba mai ikon hawa, ba mai ikon sayarwa, uwargida ba ta son a matsar da shi daga inda mai shi ya ajiye da hannunsa. Ya ce yakan shiga gida ya tarar da babur ya shekara biyu, hular mamacin tana rataye a madubi. A nan muka yi shiru dukkanmu.

Ni ban gaya masa dalilina ba. Shi ne ya shafa ƙujewar gefen dama ya ce, "Faɗuwa aka yi ko?" Na ce eh. Bai yi dariya ba, bai kuma ce mini ai namiji ba ya tsoro ba, kalmar da na sha ji har na gaji. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini tabo tun daga gwiwa har ƙwauri, ya ce shi ma ya yi wata huɗu bai hau ba. Shawararsa ita ce in fara da bayan sallar asuba, hanya ba kowa, in zagaya unguwa kawai, kada in shiga cikin gari sai hannuna ya daina rawa. Mutane kan ga babur a jingine su ce mai shi malalaci ne ko almubazzari. Sau da yawa akwai abin da bai faɗa ba.

Ana gab da kiran magariba ya tashi, a kik na huɗu. Hayaƙi da garin laka suka fito ta salansa, yara suka cika zauren. Ya hau ya je ƙarshen layi ya dawo, ya ƙara ɗaure birki, ya sauka ya ce, "Bismillah, Malam."

Ga abin da na kashe: batir naira 15,000, tayar gaba da tub 18,000, baƙin mai 4,500, fulogi da soso da madubi 4,500, ladan aikinsa 7,000. Jimilla 49,000, ban da fetur. Ladan aikin bai yi mini yawa ba, ganin ya bar rumfarsa ya yi rabin yini a gidana. Inda ban ji daɗi ba shi ne yadda kuɗin suka riƙa fita guntu-guntu. Sau uku yana aiken yaro kasuwa, kowane zuwa sai an ce in kawo, har sai da na shiga ciki na ranta a wurin maman yara. Da ya duba komai tukuna ya faɗi jimilla, da na san inda na dosa. Ba rasit ko ɗaya, sai abin da yaron ya faɗa da baki. Na bincika farashin batir da taya daga baya na ga ba a cuce ni ba, amma bai kamata sai na bincika ba. Sun kuma bar mini tabon baƙin mai a simintin zaure wanda har yau bai fita ba, don haka mai kiransa ya shimfiɗa kwali tun kafin a fara. A gefe guda, duk tsofaffin kayan da ya cire ya tara mini su, har batirin, ya ce in sayar wa 'yan gwangwan. Bayan kwana uku babur ya fara mutuwa in na tsaya a danja, na kai masa rumfa, ya daidaita kafireta cikin minti biyar, ya ƙi karɓar ko sisi.

Ga wanda dole ta sa zai ajiye nasa, abin da ya koya mini ke nan. A cika tanki fal in ajiyar ta 'yan makonni ce, in ta watanni ce a juye man duka. A zubar da man da ke cikin kafireta ta ƙusan da ke ƙasanta. A cire wayar batir, a ɗora babur a ƙafar tsakiya, a toshe bakin salansa da tsumma, a rufe shi da tsohon zane maimakon leda, domin leda tana tara gumi. Ya ce tayar da shi a tsaye a yi ta murza mai na minti biyu ba ya wadatarwa, gara a samu amintacce ya zagaya da shi kamar kwata guda kowane mako har injin ya yi zafi.

Na bi shawarar asuba mako biyu kafin na shiga gari. Yanzu wata biyar ke nan ina zuwa makaranta a kai, ko da yake in hadari ya haɗo nakan bar shi in hau keke, kuma a shataletalen Wunti har yanzu rage gudu nake yi sosai. Asabar ɗin da ta wuce na hau shi har Dass gaida Inna, bai yi gardama ba zuwa da dawowa. Ta fito ƙofar gida ta zagaya shi, ta karɓi hular kwanon ta ƙwanƙwasa da yatsa ta miƙo mini. Da zan taho ta sa aka ɗaure mini kwano uku na shinkafa a baya, ta ce in kira ta da zarar na shiga gida.