Kauri ko nauyi: da wanne ake zaɓa wa mesa ɓeran da ya dace da ita?

Ɗan'uwa, ka ce mesarka mai dunƙulewa (ball python, ƙaramar mesar nan da ke naɗe jikinta kamar ƙwallo) ta kai giram 400, har yanzu kusu ɗaya, wato ƙaramin irin ɓera, kake ba ta duk mako, kuma an ba ka shawara biyu da suka saɓa. Wani ya ce ka dubi kaurin jikinta ka nemo ɓera daidai da shi, wani kuma ya ce ka ɗora ta a sikeli ka yi lissafi. Masu kiwo na aiki da hanyoyin biyu, sai dai kowacce tana da inda take cutar da mesa idan an bi ta ido rufe.

Hanyar kauri ba ta buƙatar komai sai ido. Za ka dubi wurin da ya fi kauri a tsakiyar jikinta, ka zaɓi ɓeran da faɗinsa ya yi daidai da wurin, ko ya ɗan ɗara kaɗan. Tsakiyar jiki nake nufi, ba kai ko wuya ba. Sababbin masu kiwo kan ga ɗan siririn wuyan nan su tsorata, sai su yi ta ba ta abin da bai kai ya kawo ba. Ƙasusuwan muƙamuƙinta na ƙasa biyu ne, ba a haɗe suke da ƙashi ba, jijiya ce mai miƙewa ta riƙe su, shi ya sa take haɗiye abin da ya fi kanta faɗi ba tare da wahala ba. Hanyar nauyi kuwa sikelin kicin take so. Ga ƙaramar mesa da ke tasowa, ana ba da ɓeran da ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Jaririya mai giram 70 ke nan za ta ci na giram 7 zuwa 10, taka mai giram 400 kuma na giram 40 zuwa 60.

To a nan amsarka ta fito. Babban kusu bai cika wuce giram 25 zuwa 35 ba, wato abincinta ya riga ya yi mata kaɗan. Lokaci ya yi da za ka koma babban irin ɓera, ka fara da ƙarami mai kimanin giram 45 zuwa 50, duk kwana 7 zuwa 10. Kana iya ba ta kusu biyu a zama ɗaya, yana ƙosar da ita, amma ni ban so ya zama al'ada. Irin wannan mesa tana da taurin kai a kan abinci. Idan ta girma a kan kusu, sai ta ƙi babban ɓera daga baya, ka wayi gari kana neman kusu uku ko huɗu don ciyarwa ɗaya, kuma sau da yawa tana cin na farko ta juya wa sauran baya.

A wannan matakin, idan ka gwada hanyoyin biyu za ka ga kusan ɓera ɗaya suke nuna maka. Rabuwarsu tana zuwa ne bayan mesa ta girma, kuma nan ne nake so ka fi mayar da hankali.

Ɗauki mace mai giram 1,800. Idan kauri ka bi, ɓera babba ƙwarai zai yi daidai da ita, kuma za ta haɗiye shi. Amma abin da take iya haɗiyewa daban, abin da jikinta ke buƙata daban. Girma ya riga ya ragu, yawancin yini tana kwance a maɓoyarta, don haka rarar abincin kitse yake zama. Matsalar hanyar kauri ita ce tana ciyar da kanta: mesa ta yi ƙiba, kaurinta ya ƙaru, mai ita ya ga ta isa ɓeran da ya fi na da, ta sake ƙara ƙiba. Hanyar nauyi ma ba ta tsira ba idan aka riƙe kashi 10 ɗin nan har abada, domin giram 180 duk mako ga babbar mesa ya wuce kima. Da ta wuce giram 500 ake fara rage kason, har ya sauko kusan kashi 5 ga wadda ta gama girma, wato ɓera mai kimanin giram 90, duk mako biyu zuwa uku. Fifikon sikeli shi ne yana ba ka damar rage kason da gangan. Ido ba ya yin haka, kullum cewa yake za ta iya. Dabba ce da ke rayuwa shekara 20 zuwa 30, kuma ƙiba na taɓa hantarta tun kafin ka ga wata alama a waje, don haka abin yana damuna idan na ga ana alfahari da girman ɓeran da mesa ta haɗiye.

Ido yana da nasa amfanin da sikeli ba shi da shi. Lamba ba ta gaya maka ko giram 400 ɗin na lafiyayyar mesa ne ko na doguwa ramammiya. Dubi gadon bayanta. Idan ƙashin baya ya fito tsini, jiki ya yi kusurwa uku, ta rame. Idan bayan ya cika ya yi zagaye har fata na bayyana tsakanin ɓawon jikinta, ko naman yana ninkewa in ta naɗe, ta yi ƙiba. Bayan ta ci kuma, ɗan tudu kaɗan ya kamata ka gani a cikinta, wanda zai baje cikin kwana ɗaya ko biyu. Gashi yana sa ɓera ya yi kamar ya fi girmansa, wannan kuwa sikeli ne ke warware shi. Sunayen girma da masu sayarwa ke rubutawa ma ba ɗaya ba ne daga wannan zuwa wancan, gara ka auna ɓeran da kanka. Ita ma mesar a auna ta kafin ciyarwa, zai fi kyau bayan ta yi kashi.

Kuskure ta ɓangaren ƙarami yana da sauƙin gyara, girma ne kawai zai yi jinkiri. Ta ɓangaren babba kuwa amai ne, kuma amai ga maciji ba ƙaramin abu ba ne, yana ƙona maƙogwaro ya raunana ciki. Idan ya faru, a bar ta mako biyu ba abinci, sannan a dawo da ɓera ƙarami sosai. In ta sake, sai likitan dabbobi. Kafin ka ɗora laifin a kan girman ɓera, duba zafin ɗakinta: ɓangaren da ake ɗumama mata ya kasance digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Selsiyos, kuma kada a ɗauke ta a hannu sai bayan awa 48 da cin abinci. Ɓera daskararre a bar shi ya narke har cikinsa, a ɗumama shi kafin a miƙa mata.

Idan ta ƙi babban ɓeran a karon farko, kada ka yi saurin komawa kusu. Jira mako guda, ka goga sabon ɓeran a jikin kusu ya ɗauki warinsa, ka ba ta da daddare lokacin da take fitowa farauta.